Layin Hagu Ya Ɗaga

Duk macen da ta shiga shagon Odessa Tolliver a kudancin Memphis yanzu, kafin ta buɗe baki ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ta ji hannu a kanta. Odessa za ta zame mata ɗankwali, ta nutsa yatsunta goma cikin gashin, ta bi fatar kan tun daga goshi har ƙeya, idonta a rufe, sannan ta ce, "To, ina jin ki." Sababbin zuwa sukan ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Mu da muka daɗe muna zama a kujerar nan mun san da ba haka take ba. Da can baki take fara sa wa mutum kafin hannu, kuma bakin nan nata ne ya raba ta da aminiyarta ta shekara hamsin da huɗu.

A barandar gidan kakarta Odessa ta koyi kitso tana 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma a kan Vernetta Haygood ta koya, 'yar maƙwabtansu, mai gashi cunkus da ke karya mataji. Vernetta za ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta tana waƙa. In an ja da ƙarfi ta mintsine ta a ƙauri, in an sassauta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Haka suka girma. Vernetta ta zama direbar motar 'yan makaranta, ta kuma zama muryar da ke jan mawaƙan cocinmu. Odessa ta kama shago tsakanin gidan wanki da mai soya tarwaɗa, kujera uku da draya biyu na busar da kai, kuma a nan take har yau. Dukansu sun yi aure, dukansu sun binne mazansu. 'Ya'yan Odessa maza biyu suna Chicago, sai dai waya. Vernetta 'yarta ɗaya ce, Charisse, ma'aikaciyar banki, wadda ko kalaba biyu ba ta iya ba. Don me za ta koya, ga Anti Dessa?

Duk tsawon shekarun nan babu hannun da ya taɓa kan Vernetta sai na Odessa. Duk bayan mako takwas, ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe wa kowa, Vernetta za ta turo ƙofa da kafaɗa, kofi biyu a hannu da burodi mai ɗumi a takarda. Su tsefe na da, su wanke, su ɗinka sabo, su ci naman duk wanda ya kamata a ci a unguwa, sannan a ɗaga labule a bar sauran jama'a su shigo.

Hanyar ƙara wa mace gashi ba ɗaya ba ce, kuma Odessa tana da hukunci a kan kowacce, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Tata hanyar ɗinki ce. A wanke kai a busar, a yi ƙananan kitso a kwance suna zagaye kan kamar saƙar faifai, sannan a ɗauko gashin kanti, wanda ke zuwa layi-layi da bakinsa a ɗinke, a bi shi da lanƙwasasshiyar allura da baƙin zare a ɗinke shi a jikin kitson. Awa uku ne, wani lokaci huɗu, ƙugu ya yi tsami, amma mace za ta yi wata biyu tana wankewa tana tajewa, nata gashin kuma yana kwance a ƙasa yana hutawa yana tsiro. Akwai na ƙananan zobba, da ake zura gashi a ciki a matse da filaya. Wannan takan yi wa mai sulɓin gashi in ta nace, tana yi tana mita wai an mayar da ita makanike. Akwai na salatif, wanda take cewa aikin masu naɗe kyautar Kirsimeti ne. Sai na ƙarshe, wanda ko sunansa aka ambata sai ta ajiye allura ta gyara tsayuwa: na gam.

"Minti arba'in an gama," haka take cewa, "mako biyu ya fara ɗagawa. Ki zo cirewa ya tafi da naki na Allah. Ga warin facin taya. Ni ba mai faci ba ce, makitsiya ce."

A saman kantar shagon, daidai inda kowa zai gani ta madubi, akwai wata babbar kwalba cike da dunƙulen gashi da gam ya cakuɗe, wanda ta yanko da almakashi daga kan 'yan matan da suka zo mata da kuka. Ba ta taɓa zubarwa ba. In sabuwar yarinya ta fara cewa, "Anti, sauri nake, ko za ki ɗan manna min," ba ta ko amsawa, sai ta nuna kwalbar da tsinin mataji.

A yi mata adalci, ta iya. Kuma ba iya ɗinki kaɗai ba. Hannun Odessa yana karanta kai. Ta taɓa gaya wa wata tana da ciki tun ita mai cikin ba ta sani ba. Ta kori wata asibiti a duba mata sukari, aka kuwa samu. Mace na iya shigowa tana dariya, Odessa ta taɓa ƙeyarta ta ce, "Wa ke hana ki barci?" sai hawaye. Ta san tana da wannan baiwa, kuma ba ta ɓoye alfaharinta. Takan ce baki na iya yi mata ƙarya, amma fatar kai ba ta taɓa yi mata ba.

Wani abu kuma, a wajenmu makitsiyar mace ita ke yi mata gyaran ƙarshe. In ɗaya daga cikin matan Odessa ta rasu, Mista Braddock mai gidan shirya gawa yakan kira ta, ta ɗauki jakarta ta je ta gyara gashin kafin a buɗe akwati a coci, kuma ba ta karɓar ko sisi. Vernetta ta sha ce mata, "In na riga ki, kada ki bar matar Braddock ta taɓa min kai. Kin ga yadda ta mayar da Sista Pearline kamar an tayar da ita daga barci." Odessa ta ce, "Ke za ki riga ni? Mai cin tarwaɗa uku a zama ɗaya? Ai ke za ki binne mu duka." Su yi ta dariya.

Shekara uku ke nan da Vernetta ta tsallake Asabar ɗinta. Ta bugo waya ta ce uzuri ne ya taso. Da mako takwas suka sake zagayowa ta sake tsallakewa, wannan karon ma saƙo ta turo. A coci kuma sai ta koma sa hula mai faɗi, ana tashi ta sulale ta ƙofar gefe. Abin yana cin Odessa. Ranar Asabar ta biyun ta buɗe shago tun bakwai saura, ta zauna ita kaɗai tana kallon ƙofa har tara.

Sai Mama Gaines ta ƙara wa wutar fetur. Mama Gaines tsohuwa ce mai shekara tamanin da ke kwana a ƙarƙashin draya duk Asabar, wai ba ta ji sosai, amma babu abin da ke wuce ta a unguwar nan.

"Odessa, na ga ƙawarki a kantin sayar da gashi," ta ce da ƙarfi, irin na wanda draya ke busa wa kunne. "Gam na ga ta ɗauka. Ko dai ta koma wajen yaran nan na titin sama ne, masu manna kai kafin shayi ya huce?"

"Idonki ne, Mama."

"Kunnena ne ya mutu, 'yar nan, idona ƙalau yake."

Odessa ta ja zare har sai da wadda ke kujera ta yi ƙara. Kishi ne ya kama ta, tsagwaronsa, irin wanda ko a kan mijinta ba ta taɓa yi ba. Kan da ta koyi sana'a a kai, kan da ta sani fiye da nata, a ce an kai wa wasu yara masu kwalbar faci.

Asabar ta gaba, cikin Afrilu, jajibirin bikin cika shekara na mawaƙan coci, sai ga Vernetta. Ba bakwai ta zo ba, sha ɗaya ta zo, shago ya cika maƙil. Ta ɗaure kai da ɗankwali ruwan hoda har zuwa gira, da jakar takarda a hannu, babu kofi. Ta tsaya daga bakin wurin wanke kai, ba ta zauna ba.

"Dessa, zo mu shiga ciki. Minti biyu."

Odessa ta cire allura daga baki. "Wa nake gani kamar Vernetta Haygood? Mama Gaines, taya ni dubawa. Ashe kina gari?"

"Ina gari. Zo mana."

"Faɗi a nan, duk 'yan gida ne. Me ke cikin jakar?"

Ba ta jira amsa ba ta karɓe ta zazzage a kan tebur. Gashi ƙunshi biyu, da wata siririyar hula mai kama da safa, da ƙaramar baƙar kwalba.

Vernetta ta yi ƙasa da murya. "Gobe ni zan ja waƙa, ba dama in sa hula. So nake ki sa min wannan 'yar hular, ki manna gashin a kanta, ki yanka min yadda kika saba. Minti arba'in aka ce."

"Aka ce. Wa ya ce?" Odessa ta ɗaga kwalbar sama da yatsu biyu kamar ta kamo mataccen ɓera. "Jama'a, ku taya ni gani. Shekara hamsin da huɗu ina ɗinka wa matar nan kai, zare bai taɓa tsinkewa a coci ba, iska ba ta taɓa tona mata asiri ba. Yau ita ce ta kawo min gam har cikin shagona. Ki ce min zobba mana, in ɗauko filaya in yi haƙuri. Ki ce min salatif, in naɗe ki in sa miki kati in aika wa fasto. Amma gam? Tayar motar makarantar ce ta yi faci, ko kanki?"

Aka kwashe da dariya. Har da ni mai ba ku labarin nan, ina kujera ta biyu da rabin kai a tsefe, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Vernetta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta matso taku ɗaya ta ɗan sunkuyar da kai, yadda take yi tun suna yara.

"Dessa, taɓa kan tukuna. Ki taɓa kawai, sai ki faɗi duk abin da za ki faɗa."

Daga baya Odessa ta ce a lokacin hannunta ya motsa. Saura ƙiris. Amma idon mata goma na kanta, dariyar da ta jawo ba ta gama sauka ba, ga Asabar ɗin da ta yi tana gadin ƙofa. Sai ta harɗe hannuwan a ƙirji.

"Ba na taɓa kan da aka kai wa wasu suka ɓata. Waɗanda suka fara miki su ƙarasa miki."

Vernetta ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta tattara gashin da 'yar hular ta mayar jaka. Kwalbar tana hannun Odessa, ba ta nema ba.

"Riƙe wannan, na bar miki," ta ce, ta fita.

Odessa ta ɗora kwalbar a saman kanta kusa da babbar, ta ce ga sabuwar shaida. Ta koma kan aikinta, amma ranar sau biyu tana soke yatsanta.

Washegari Vernetta ta ja waƙa kai a buɗe, gashi ya sauko zuwa haɓa, tsaga a hagu, kusan yadda ta saba. Coci ya ɗauka, mata na ta fifita da kuka. Odessa tana benci na shida, ba ta ji waƙar ba sam, kai take kallo. Tun daga nan ta gane aikin gam ne, kuma aikin wanda bai iya ba. Yankan ya karkace, ƙeyar ta yi tudu. Ta taɓe baki ta ce a ranta, ga abin da kika zaɓa.

Wata bakwai suka yi a haka, coci ɗaya, titi ɗaya, ba mai ce wa wata ci kanki. Odessa ta ga ƙawarta na ramewa, rigar mawaƙa na yi mata yawa, ta ce ai rage cin tarwaɗa ta yi. Ta ji ta ajiye tuƙin mota, ta ce ai lokacin hutu ya yi. Mace mai gane ciki ɗan wata ɗaya da yatsa, ta zauna tana kallon wannan duk Lahadi ba ta gane komai ba, domin ita da hannu take gani, kuma ta hana hannun zuwa.

Sau ɗaya suka yi kiciɓis, wata Lahadi cikin zafin Agusta, a ƙofar coci, inda babu hanyar kaucewa. Suka tsaya gab da juna. Wani silin gashi ya ɗan tashi a gefen tsagar Vernetta, sai hannun Odessa ya ɗaga da kansa zai kwantar da shi. Vernetta ta tsaya cak, ta lumshe ido, tana jira. A daidai nan zafin rana ya bugo wa Odessa warin gam. Ta mayar da hannun ta gyara madaurin jakarta.

"Layin hagu ya ɗaga," ta ce.

"Na sani," in ji Vernetta.

Iyakar maganar da suka yi ke nan.

A watan Oktoba Vernetta ta daina zuwa coci. Aka ce maƙogwaro ne, tana hutawa a gidan Charisse. Odessa ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Har ta je kanti ta sayo gashi irin na Vernetta, baƙi mai ɗan ratsin furfura, mai tsada, ta ɓoye a aljihun tebur. Ta tsara komai a ranta. Bayan bikin godiya na Nuwamba, in aiki ya lafa, za ta je da kofi biyu, ba za ta ba da haƙuri ba don ba ta iya ba, za ta dai ce, "Zauna in cire miki wannan ƙazantar." Ta san Vernetta za ta gane.

Saura kwana tara bikin, ranar Talata da safe, tana goge madubi, sai ta hango Charisse ta cikinsa tsaye a ƙofa.

"Anti Dessa, Mama ta rasu jiya da yamma."

Odessa ta dafa kujera ta zauna a inda mata ke zama, wurin da ba ta taɓa zama ba da rana.

"Maƙogwaron?"

"Ba maƙogwaro ba ne. Ciwon daji ne, a mahaifa. Shekara guda ke nan ana ɗura mata magani." Charisse ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Ta hana a gaya wa kowa. Na ce ko Anti Dessa? Ta ce ke ba sai an gaya miki ba, ranar da kika taɓa kanta za ki sani. Ta ce ita bakinta ba zai iya furta miki ba, gara hannunki ya ji da kansa."

Charisse ta ƙara da cewa:

"Ta ce in tuna miki maganar matar Braddock. Gobe da safe in kin samu dama."

Washegari ƙarfe bakwai Odessa ta isa da jakarta, da allura da zare da gashin nan mai ratsin furfura. Mista Braddock ya tare ta a ƙofar baya, ya cire hula, ya ce, "Sista Odessa, sannu da rashi," ya kai ta ɗakin. Charisse na zaune a gefe. Vernetta na kwance an rufe ta da farin zane zuwa wuya, da 'yar hular ulu a kanta.

Odessa ta wanke hannu ta goge. Ta zame hular a hankali ta ɗora yatsunta goma.

Babu komai. Gashin nan da ya karya matajin kakarta uku, maganin ya zubar da shi. Sai wani laushi-laushi kamar na jariri sabon haihuwa, nan da can, da fata mai santsi, siririya. Ko sili uku da za a kama a fara kitso babu, balle inda allura za ta shiga. Cikin daƙiƙa ɗaya hannun ya gaya mata duka, har da kusan watan da abin ya fara. Da ta taɓa a watan Afrilu, daƙiƙa ɗayan nan ce dai za ta ishe ta. Ta tsaya da hannun a wurin, ba ta iya ɗagawa ba, tana bin kan daga goshi zuwa ƙeya, tana komowa.

Mista Braddock ya yi gyaran murya. "Muna da hulunan gashi masu kyau, in kina so matata ta kawo."

"A'a," in ji Odessa. "Ku jira ni."

Ta tuƙa ta koma shago. Mama Gaines na bakin ƙofa, ta zo yi mata gaisuwa. Odessa ta buɗe, ta taka kujera, ta sauko da ƙaramar baƙar kwalbar daga saman kanta, ta goge ƙurar da gefen rigarta. Tsohuwar ta bi kwalbar da ido, ta kalli Odessa, ta rufe baki da hannu.

Da ta dawo sai ta tsaya da kwalbar a hannu kamar baƙuwa. Shekara arba'in da ɗoriya tana zagin abin nan, ba ta taɓa buɗe murfinsa ba.

"Charisse, ban iya ba," ta ce. "Kin san yaran da suke yi mata? Ko za a kira ɗaya ta nuna min."

"Waɗanne yara?"

"Na titin sama."

Charisse ta dube ta. "Anti, Mama ba ta taɓa shiga shagon kowa ba. Ni nake yi mata, a kicin. Ranar da ta dawo daga wajenki ta zauna a kujerar cin abinci ta miƙo min jakar, na sake fita na sayo wata kwalbar, na buɗe waya ina kallon yadda ake yi ina bi. Sau uku muna warwarewa." Ta tashi ta ɗauko siririyar hular daga jakarta. "Kawo in nuna miki."

Haka 'yar banki ta tsaya tana koya wa Odessa Tolliver aikin kai. A sa hular ta zauna daram. A gwada layin daga kunne zuwa kunne kafin a yanka. A zizara gam siriri a bakin layin, kada ya yi yawa, a ɗan jira ya yi danƙo, a ɗora a danna, a bi da iskar draya. Charisse ta tallafo kan, Odessa ta fara daga ƙeya. Ta ɗora layi na farko, ta ɗora na biyu. Zuwa na uku hannun ya gane hanya, ya fara gyara abin da ba a koya masa ba, yana lanƙwasa layin yadda ya san gashin Vernetta ke kwanciya. Warin ya cika ɗakin, ba ta ko kau da fuska ba.

Da suka zo saman kai, wajen tsaga, Charisse ta ce, "Nan ne ke ba ni wahala kullum. Hagun nan." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. "Kin tuna wata Lahadi a Agusta? Ta dawo ko takalmi ba ta cire ba ta ce, Charisse, ɗauko gam, Dessa ta ce layin hagu ya ɗaga. Tana ta fara'a, har da waƙa. Na ce Mama, matar nan ta kushe ki kina murna? Ta ce ke yarinya ce. Ta ce, ai Dessa tana kallona."

Odessa ta ajiye kwalbar ta juya baya. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Charisse ta bar ta har ta gama. Sannan ta share ido da bayan hannu, don yatsun duk gam ne, ta ɗauki layin ƙarshe ta ɗora.

Ta ɗauko almakashi ta yanka zuwa haɓa, ta fitar da tsaga a hagu, ta kwantar da gaban ya rufe gefen gira na dama, ratsin furfurar ya faɗo daidai inda na Vernetta yake faɗowa. Ta ja baya ta duba. Vernetta ce, ta ranar Asabar ƙarfe goma, lokacin da take miƙewa daga kujera tana karkaɗe siket tana cewa a ɗaga labule.

Akwai agogo a bangon ɗakin, sama da ƙofa. Odessa ba ta yi niyyar dubawa ba, sabo ne na mai sana'a. Ta fara tara da kwata, yanzu goma saura biyar.

"Minti arba'in," ta ce. "Gaskiya ta faɗa. Abin da ta roƙe ni ke nan."

Mista Braddock ya leƙo ya ce in an gama za su sa mata riga. Odessa ta ce saura kaɗan. Ta mayar da yatsu biyu kan layin hagu ta danna, ko da yake ya riga ya kama, ta ci gaba da dannawa, har sai da Charisse ta zo ta riƙe mata wuyan hannu ta ce, "Anti, ya zauna."